Abin da Mai Kwance Ke Gani

Babana ya shekara ashirin da bakwai yana gyaran ɗakunan otal, har bayansa ya ƙi miƙewa. Shi ya sa ranar da na ce masa na samu gurbin karatun kula da otal a jami'a, ya dube ni kamar na zage shi.

"Duk karatun duniya ki rasa na yi sai na shimfiɗa zanin gado? Haba, Auta!"

Shekara guda muna wannan ja-in-ja. Taurin kai kuwa a wurinsa na gada, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙarshe ya aiki yayana ya karɓo takardar sauya sashe, Baba ya cike ta da hannunsa, ya ce ranar Litinin in miƙa, in koma karatun lauya. Na sha kuka, don wallahi ina son karatuna, amma ba zan iya kallon idonsa in ce a'a ba.

Ranar Lahadi ciwon bayan ya kwantar da shi. Na shiga na juya shi a hankali, na sauya zanin gadon, na soke kusurwoyin tsaf. Da na gama sai na durƙusa, na ɗora kumatuna a gefen matashinsa, na kalli ɗakin daga nan. Ashe rana na dukan idonsa ta gefen labule, kofin ruwa kuma ya yi wa hannunsa nisa. Na ja labulen, na matso da teburin da kofin ke kai.

Ya daɗe yana kallona.

"A makaranta aka koya miki wannan?"

"Wace makaranta, Baba? Ina 'yar shekara bakwai ka tafi da ni wurin aiki, lokacin da Mama ke asibiti. Duk ɗakin da ka gama sai ka durƙusa haka. Ka ce mai tsaye ba ya ganin abin da mai kwance ke gani."

"Ni na ce haka?"

"Kai fa."

Idonsa ya ciko. Ya kai hannu zai ɗauki kofin, teburin ya girgiza, ruwan ya fantsalo.

"Miƙo min takardar nan," in ji shi.

Na miƙa masa. Ya ninke ta biyu, ya ƙara ninkewa, ya danne da babban yatsa, ya mayar mini.

"Cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin, Manaja. Baƙo ba ya son tebur mai rawa."