Haƙorin Baba

Haƙoran Baba da yawa sun tafi ba sallama, ba wanda ya tambayi inda suka nufa. Amma ranar da na zinariyar ya ɓata, gidan ya koma kamar an yi rasuwa.

Asali wata 'yar hula ce ta zinariya aka saka wa haƙorinsa na gaba tun yana direban babbar mota. Saboda ita yake dariya ko maganar ba ta kai ta dariya ba. Da tsufa ya zo sai hular ta yi sako-sako, don haka in zai ci abinci yakan cire ta ya ajiye a ɗan faranti kusa da kujerarsa. Matar ɗansa, wadda har yau ake kira Amarya ko da yake ta yaye ɗa, ita ke kawo masa abinci da ƙwayoyin maganinsa, ita ke kwashe kwanuka. To, ran nan ta kwashe, haƙori ya ce ɗauke ni inda kuka ajiye.

Ba wanda ya ce mata ɓarauniya. Da ma sun faɗa, da ta san inda za ta kama. Baba dai sai ya dubi magen gidan ya ce, "Ke kam Allah ya yi miki albarka, iyakarki kan kifi." Auta, ƙanwar mijinta, ta leƙo kicin ta ce, "Anti Amarya, ɗan kunnen nan sabo ne? Yana ƙyalli." Inna kuwa, uwar mijin, ta shiga ɗakin Amarya wai neman almakashi, ta neme shi har ƙarƙashin katifa da cikin safar yaro. Amarya ta kira mijinta da ke can kan hanya, ya ce ta yi haƙuri, tsufa ne. Ta ajiye wayar ta haɗa jakarta. Gara ta koma gidansu da ta zauna inda ake rufe akwati in ta wuce.

Abu ɗaya ya tsayar da ita. Washegari ne za a ɗauki hoton ƙugun Baba a asibiti, saboda ciwon bayan da ya daɗe yana damunsa. Auta na da makaranta, gwiwoyin Inna ba sa hawa bene. Ta ce a ranta, in kai shi in dawo da shi, sai in kama gabana.

Da gari ya waye suka kama hanyar asibiti. Baba ya damƙe leɓɓansa kamar bakin jaka, don kada duniya ta ga giɓin.

Sashen hoto yana can ƙarshen wani dogon baranda, da jar fitila a saman ƙofa. Mai hoton wata gajeriyar mace ce mai babbar murya. Ta miƙa wa Baba wata riga mara wuya, mai igiya a baya.

"Baba, a cire agogo, da makulli, da duk wani ƙarfe. A sa wannan."

Baba ya juya rigar gaba da baya. "Ina sauran ta?"

"Ita ke nan."

"Yarinya, wannan ai ba riga ba ce, tonon asiri ne."

"Nan ɗakin tonon asiri ne, Baba. Akwai haƙorin ƙarfe?"

Baba ya saci kallon Amarya. "Da akwai," ya ce. "Wasu sun hutar da ni."

Amarya ta sunkuyar da kai ta fita, ta zauna a benci. Ta ƙofa tana jiyo shi yana mita, wai gadon ya fi dutse sanyi, wai injin da ke rataye a kansa kamar raƙumi ne ya leƙo katanga. Mai hoto ta ce, "Ja numfashi. Riƙe. Kar ka motsa." Injin ya yi ɗan ƙara. Shiru. Sai aka sake juya shi ta gefe, aka sake ɗauka. Can ƙofa ta buɗe.

"Wa ya zo da tsohon nan?"

Duk da abin da ya yi mata, Amarya ba ta so a ce an ga mugun abu. Mai hoto ta ja ta bayan wani gilashi, inda wani likita mai sanƙo ya tsura wa kwamfuta ido. Ga ƙashin bayan Baba nan a jere, fari-fari, kamar an ɗora gwangwanaye. A gefe guda kuma, can ƙasan ciki, ga wani abu ƙarami, fari fat, ya fi komai haske.

"Na zaci maɓalli ne a wandonsa," in ji mai hoto. "Na duba, babu. Na ɗauka ta gefe, yana nan a ciki."

Likita ya ƙara girman wurin. Amarya ta matso. Abin da ta yi ta wankewa da ɗan buroshi kullum, ai ko a duhu ta san shi. Har ɗan lanƙwasar gefen tana nan.

"Haƙorinsa ne," ta ce a hankali.

"A ina yake ajiye shi?"

"A faranti." Sai ta dafe baki. "Farantin da nake zuba masa magani."

Baba ba ya shan ƙwaya ɗaya-ɗaya, wai wannan aikin ragwaye ne. Juye su yake a tafin hannu, ya watsa a baki, ya kora da ruwa.

Mai hoto ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa don dariya. Likita ya yi gyaran murya har sau nawa kafin ya sa a shigo da Baba, wanda ya shigo riƙe da bayan rigarsa da hannu ɗaya.

"Baba, bayanka tsufa ne kawai, za mu ba ka magani. Amma ka san wannan?"

Baba ya duba, ya ƙara dubawa. "Injinku ya lalace."

"Injinmu ba ya ƙirƙirar zinariya, Baba. Da yana yi, da ba ka same mu a nan ba."

"To yanzu yanka ni za ku yi?"

"A'a. Ya riga ya yi nisa a tafiyarsa. Zai fito da kansa, ta ƙofar da kowa ke fita. Sai dai ka sa ido."

A motar haya, Baba ya yi ta kallon taga. Sai da suka kusa gida ya ce, "'Yata."

Rabon da ya kira ta haka har ta manta.

"Na'am, Baba."

"Wannan hoton, ba dole sai kowa ya gani ba. In abin ya fito, sai mu ce a bayan kujera aka tsinta."

"In aka ce haka, Baba, cewa za a yi tsoro na ji na mayar."

Ya koma kallon taga.

Da suka shiga gida, Inna da Auta na zaune a falo. Amarya ba ta iya doguwar magana ba, ba ta kuma yi ba. Ta zare hoton daga babbar ambulan, ta maƙala shi a jikin taga inda rana ke shigowa, ta wuce kicin.

Tana jin Auta na cewa, "Mene ne wannan mai hasken?" Sai muryar Inna ta tashi.

"La ilaha! Malam, ashe ɓarawon a gabanmu yake zaune, muna ba shi abinci sau uku! Ni da gwiwoyin nan na ɗaga katifar yarinya!"

Inna ta shigo kicin, ta kasa haɗa ido da Amarya. Ta ɗauki tsohuwar rariya daga ƙusa, ta koma ta dangwarar a cinyar Baba. "Kai ka haɗiye, kai za ka tace." Auta kuwa ta zo ta tsaya bakin ƙofa tana murza yatsu, daga bisani ta kama wanke-wanken da ba a sa ta ba. Da yamma Amarya ta kwance jakarta.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya kira ta gaban kowa. Ga haƙorin a cikin faranti, an wanke, an dafa, an sake wankewa, yana ta ƙyalli kamar bai je ko'ina ba.

"'Yata, na zalunce ki. Ki yafe mini. Wannan kuma ki karɓa, a ƙera miki ɗan kunne."

Amarya ta dubi Baba, ta dubi farantin, ta ɗan ja da baya.

"Baba, na yafe," ta ce. "Duka biyun."