Tumbin Mai Burodi da Bakin Tanderu

Ni ma na taɓa tsinka igiyar wando na ce igiyar ce ta tsufa, don haka ba ni da bakin yi wa Mai Burodi dariya. Zan dai faɗi yadda aka yi.

Rufin tanderunsa ne ya tsage daga ciki, burodi ya riƙa fitowa gefe ɗaya baƙi, gefe ɗaya ɗanye. Shi ya gina tanderun nan da hannunsa shekara ashirin da suka wuce, kuma bai taɓa yarda wani ya shiga cikinsa ba. Ranar da ya bar wuta ta mutu don ya yi gyara, kai ya shiga, kafaɗu suka shiga, tumbi ya tsaya a ƙofa. Sai da ma'aikata biyu suka ja shi ta ƙafa. Matarsa ta ce a kira mijin 'yarsu, siriri ne kamar sanda. Ya ce mutumin da bai iya ɗaura kwan fitila ba ba zai taɓa masa tanderu ba, a ba shi wata ɗaya.

Dabararsa ta rage tumbi irin ta mai gasa burodi ce. Ya san man da yake shafa wa gwangwani yana narkewa da zarar ya ji wuta, to me zai hana na cikinsa? Ya naɗe ciki da leda, ya ɗora rigar sanyi biyu, ya kafa kujera a bakin tanderu. Gumi na zuba, shi kuwa yana murmushi, yana nuna wa masu saye tabon da ke ƙasa, wai tumbinsa ne ke tafiya.

A haka ƙanwar matarsa, malamar kimiyya, ta same shi. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun fulawa.

"Mijin Yaya, kai ma sayar da kai za a yi idan ka gasu?"

Ta ce abin da yake zubarwa ruwa ne, kofi biyu zai mayar da shi. Kitse ajiya ce, jiki ba ya taɓa ta sai abincin da ya shiga ya kasa ɗaukar aikin da ake yi. A lokacin ne ake aika saƙo, a farfasa kitsen ƙanana, jini ya kwashe shi zuwa tsoka, a ƙone shi a can a sami ƙarfi. Ya tambaya ina tokar take zuwa. Ta ce babu toka, mafi yawansa iska yake zama ya fita ta numfashi, sauran ya zama ruwa.

Mai Burodi ya miƙe tsaye. Ashe ta hanci tumbi ke fita! Kafin ta ƙarasa magana ya fara huci kamar famfon taya. Ya hura wa fulawa, ta tashi ta rufe masa gira. Ya leƙa titi ya sanar da mai gyaran takalmi cewa iskar da mai gyaran ke shaƙa yanzu, rabinta tumbinsa ne. Jiri ya kwashe shi, ya faɗa kan kwandunan burodi yana ƙyaƙyata dariya.

Malamar ta tsaya a kansa ta ce numfashin hayaƙi ne kawai, shi da ya san tanderu ya kamata ya san ba a samun hayaƙi sai an hura wuta. Wutar kuma tsoka ce mai aiki.

Wannan ya shige shi. Washegari ya hana kowa taɓa buhu, shi ke sauke su daga mota. Ya ajiye babur, ya riƙa kai burodi shaguna a ƙafa, tire a ka. Gutsattsarin da yake ɗanɗanawa duk lokacin da aka gasa burodi, wanda in an haɗa ya kai burodi uku a rana, ya bar wa kaji. Duk hawan tudu sai ya dafa ciki ya yi masa ban kwana, yana haki yana jin daɗin hakin. Masu shaguna suka fara tambayarsa yau kilo nawa ya hura musu.

Da wata ya cika aka kashe wuta. Ya tara matarsa, da malamar, da surukin nan da ya sa aka kira musamman don ya kalla. Ya cire riga, ya ɗauki bokitin yumɓu, ya durƙusa. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga, tumbi ya bi su sumul ko gogar bango bai yi ba. Daga ciki suka ji muryarsa tana amsa-kuwwa, yana waƙa, yana kiran suruki ya leƙo ya ga aikin manya. Ya liƙe tsagar tsaf, ya fito baƙi ƙirin da toka, ya yi wa ƙanwar matarsa kirarin babbar likita, ya ce yau kowa burodinsa kyauta.

Kilo ɗaya da rabi kacal ya zubar a watan. Bulo biyu kuma matarsa ta sa magini ya cire daga bakin tanderun ranar Talata, lokacin da ya tafi kai burodi.