Asusu Goma Sha Huɗu

"Hafiza, durƙusa ki jawo su duka, kar ki bar ko ɗaya," in ji Goggo Hani, muryarta can ƙasa.

Na zura hannu ƙarƙashin gadon ƙarfen. Asusu goma sha huɗu na fito da su, duk na yumɓu, na jera a tabarma. Kwananta tara ke nan a kwance, idon ya riga ya tafi, numfashin ma sai ta jawo shi.

Goggo Hani, wato Ummuhani, maginiyar tukwane ce, katangarmu ɗaya a Gubuchi. Duk yaron da ya fara samun na kansa, ko tsinkar barkono ko tallar awara, sai ta zaunar da shi ya gina asusu da hannunsa, ya yi masa alama tun yumɓun na ɗanye. Ta gasa, ta ajiye a ɗakinta. Ranar Juma'a da yamma suke zuwa zubi.

"Kashi uku za ka yi," haka take ce musu. "Na baki, na Allah, na gobe. Na goben shi ne nan." In yaro ya jefa, sai ta tambaya, "Nawa ke nan yanzu?" Wanda ya ce ya manta, ranar ba shi da ƙanzo.

Ni dai da farko haushinta nake ji. Bara waccan na je a fasa mini na 'yata Mukarrama, zan yi ankon bikin ƙanwar maigidana.

"Ke kika tsinko barkonon?" ta tambaye ni.

"Goggo, ai ni na haife ta."

"To haihuwar kika yi, ba ajiyar ba."

Wata biyu ban leƙa ta ba. Na je bikin da tsohuwar atamfata, kuma ga shi ban mutu ba.

Bana taki ya gagare mu, masarar ba ta yi abin kirki ba. Makarantar su Mukarrama ta ce nan da mako biyu a kai kuɗin jarrabawar gama sakandare, in ba haka ba sai baɗi, in ma da rabon baɗin. Duk gidanmu babu inda kuɗin nan yake sai cikin ɗaya daga tukwanen da ke gabana.

Ɗan Goggo, Uwaisu, direban motar rake, ba mugu ba ne. Da safe ya tare ni a zaure.

"Yaya Hafiza, ni ban san na wane da na wane ba, babu rubutu a jikinsu. Inna ma tana da nata a ciki. In ta cika ba ta yi bayani ba, sai an haɗa da gado, ga marayun yayana. Ba zan iya ba da haƙƙinsu a kan zato ba."

Gaskiya ya faɗa.

Bayan la'asar aka kira yaran, suka cika ɗakin, takalmansu a watse bakin ƙofa. Ina ɗora wa Goggo asusu a ƙirji, tana shafawa da yatsu.

"Mai farce uku, na Sadiƙ ne. Kai ɗan nema, ka rage shan rake."

Yaran suka yi dariya, wasu da hawaye.

"Mai zanen totuwa, na Khairiyya."

Haka har goma sha biyu. Kowa ya rungume nasa ya fita. Saura biyu, dukansu da alamar babban yatsa a wuya, domin Mukarrama tun tana ƙarama ta ce ita irin ta Goggo za ta yi. Na ɗora mata ɗaya. Hannun ya zame ya faɗi gefe. Bakinta na motsi, amma salati ne kawai.

"Inna, wanne ne naki?" Uwaisu ya tambaya har sau uku.

Na buɗe baki zan fara rantse-rantse, sai Mukarrama ta riga ni.

"Kawu, wannan mai ɗan karkatar ne nawa. Dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyar ne a ciki, da wata hamsin a naɗe cikin bawon masara, kuɗin tsinkata ta farko. A fasa. In bai yi daidai ba, na bar wa marayu."

Na harare ta, ba ta ko kalle ni ba. Uwaisu ya ɗauki dutsen da Goggo ke goge tukwane da shi, ya yi bisimilla ya doka. Ya warware takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Can cikin ɓaraguzan ya tsinci bawon masarar.

Ashe ƙarar fashewar ta kai kunnen Goggo.

"Daidai?" ta ce, da ƙyar muka ji.

"Daidai, Goggo," in ji Mukarrama.

"Madalla."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Nata asusun da aka fasa, shi ya sayi likkafani, har da ragowar na sadaka. Ranar Litinin Mukarrama ta kai kuɗin makaranta. Ban samu na roƙi Goggo gafarar fushin nan na wata biyu ba, kuma abin yana damuna. Kullum na idar da salla ina gode mata, ina roƙa mata rahama, har da kan ankon da ta hana ni.

Juma'ar da ta biyo baya ina tankaɗe a tsakar gida, sai ga Khairiyya, 'yar shekara bakwai, da asusunta cikin hijabi.

"Yaya Mukarrama, a gida yayyena za su fasa min."

Mukarrama ta ja ta ɗaki, ta ɗaga zanen gadonta.

"Nawa ne a ciki?"

"Ɗari tara."

Mukarrama ta durƙusa ta tura shi can ciki, jikin bango, ta matsar da akwatinta gefe don a samu wuri.