Silifas ɗin Tyav

Kwamfutar ta Lawal ce, mijina. Ta hannu ya saya, da ya samu aikin tuƙi ya bar min ita. Da ita nake sana'a a ƙofar gida: mutane su kawo memori na tura musu waƙoƙi da finafinai su sa a waya. 'Yan acaɓa na son na Indiya, masu doya daga Doma na son waƙoƙin coci da na yaren Tibi, matan unguwa na son wa'azi. Kowa da abin da yake nema, ni kuma ba na son na ce babu. Haka na yi ta tarawa har cikinta ya cika. Sai ta fara nauyi, ta tsaya cak ana tsakar turawa, mai memori yana tsaye a kaina.

Na kai ta wurin Augustine mai gyara a bakin kasuwa. Ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, ƙoshi ne ya yi mata yawa. Wurin sa faifanta ya mutu tun kafin mu saya, filashin da nake ajiya a ciki kuma ƙarami ne, ba inda zan kwashe kayan. Ya nuna min abubuwa biyu da suka fi cin wuri: bidiyon bikinmu, da wani dogon bidiyo na ranar da 'yata Mutmainna ta fara tafiya.

Lawal ne ya ɗauki wannan da kyamarar aro. Bai iya ba. Bayan yarinyar ta yi takunta ta faɗi, ya sauke hannu ya manta bai kashe ba, ya shiga hira. Fiye da rabin bidiyon ƙasa ce kawai, da gindin turmi, da ƙafafun mutane.

A cikinsa akwai Tyav, ɗan maƙwabciyarmu Ngunan mai sayar da doya. Shi ne ya riƙe hannun Mutmainna yana ja da baya yana ce mata ta zo. Daminar da ta biyo baya zazzaɓi ya ɗauke shi, yana shekara huɗu. Uwarsa ba ta da hotonsa ko ɗaya, sai na baftisma yana jariri.

Tun daga nan duk Lahadi in ta dawo coci sai ta shigo, ta zauna a kan benci ta ce na sa mata. Tana kallo tana rungume da Mutmainna. Gaskiya rungumar ba ta min daɗi. Takan matse ta har yarinyar ta fara mutsu-mutsu, wata rana ma na ji ta kira ta da sunan Tyav. Daga ranar nake tura 'yata gidan gwaggonta kafin a tashi daga coci.

Augustine ya ce abin mai sauƙi ne. Zai yanke inda fuskokin yaran suka fito ya ajiye, ya zubar da wajen ƙasar. Wuri zai samu, ba wanda ya yi asara. Na ga hankali a maganar. Lawal ma da na gaya masa ya ce tun tuni ya kamata. Amma na ce bari na sanar da Ngunan tukuna, kada ta zo ta ga ya gajarce.

Ranar Lahadi ta zo da ɗankwalinta na coci. Na yi mata bayani a hankali, na ce fuskar Tyav duk za ta zauna, shirmen ƙasar nan kawai za a cire. Ta ce na sa, na kai wajen da za a cire ɗin.

Sai a ranar na kalli wajen da kyau. A da, da zarar Mutmainna ta faɗi nake tashi na koma kan aikina. Ƙasa ce, e. Amma can gefe ƙafafu biyu ƙanana suna shiga suna fita, kuma a ƙarƙashin muryar Lawal akwai wata siririyar murya tana waƙa da Tibi, tana katsewa tana dawowa.

Ngunan ta sa yatsa a kan gilashin.

"Maman Mutmainna, ka ga silifas ɗin nan? Ni na ɗaure shi da waya da safen nan. Ya ce yana soke shi, na ce ya yi haƙuri sai ran kasuwa."

Ƙafafun suka fita suka dawo.

"Fuska ina da shi a kaina. Ƙafan ne nake mantawa."

Na ce mata ba za a taɓa ba. Ta tambaya yaya zan yi da injin. Na ce wannan matsalata ce, Maman Tyav. Ta ɗago ta dube ni, don mutane sun daina kiranta haka.

Bayan ta tafi na buɗe bidiyon bikinmu. Na kalli shigowata da lulluɓi, da ƙawayena suna guɗa, da Lawal cikin babbar rigar da ta yi masa yawa. Mutanen ciki kusan duk suna nan, ina haɗuwa da su a kasuwa. Na kalla har ƙarshe sau ɗaya, na goge. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e.

Da Lawal ya dawo daga Kwandere na gaya masa. Ya daɗe yana wanke hannu a bakin randa. Daga baya ya ce dama rigar ba ta yi masa kyau ba.

Na canza wa bidiyon yaran suna, na rubuta KADA A GOGE, na ɓoye shi nesa da finafinan da nake turawa. Kwamfutar ta yi sauƙi, amma na san za ta sake cika, kuma lokacin finafinan Indiya ne za su tafi.

Lahadin da ta biyo ban tura Mutmainna ko'ina ba. Na zaunar da ita a cinyata, kusa da Ngunan, inda hannunta zai iya kaiwa.