Gilashin da Rana Ta Gasa

Wata ƙara ce ta tashe ni, kyat, kyat, kamar ana yaga sabon yadi a hankali. Na lallaɓo falo da sandata. Auta ce, 'yata, zaune a ƙasa tana yayyaga takardun aikinta.

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, sai gyaran rediyo na shekara arba'in, amma ba labarin da ke ɗauke mini hankali kamar aikin yarinyar nan. Wai akwai wani haske da rana ke fitarwa, ido ba ya ganinsa, ba ya ma isowa ƙasa. Can a ƙololuwar sama iska ke shanye shi, ta yi zafi, ta kumbura, har ta riƙa rage wa taurarin ɗan'adam gudu. Ofishinsu na da tauraron ɗan'adam mai auna shi. Na sha kwanciya ina tunanin launinsa.

Shekara uku ke nan awon yana raguwa. Auta ta rubuta cewa hasken ne ya yi sanyi, ta sa hannu, aka yaba mata.

"Ba rana ba ce, Baba," ta ce, ko kai ba ta ɗago ba. "Gilashin na'urar awon ne. Wani ɗan tururi ya kwanta a kansa, hasken ya gasa shi ya zama dauɗa. Mu kuwa muna ta rubutawa."

"Wa ya sani?"

"Ni kaɗai. In na faɗa, a rufe sashenmu, mu mutum tara. In na yi shiru, masu lissafin hanyar sauran taurarin ɗan'adam su ci gaba da dogara da ƙarya."

Na zauna ina taya ta tattara yagaggun.

Da safe ta fito da ambulan a hannu, idanu jawur. Maƙwabcinmu tela yana shara a ƙofar shagonsa.

"Likitar rana! Yau ba gaisuwa?"

"Ina kwana, Kawu. Takarda zan kai wa shugabanmu. Na yi kuskure, na rubuta masa."

Ta tsuguna tana ɗaura igiyar takalmi, ni kuma na yi masa bayani iya fahimtata. Ya jingina tsintsiyar da bango, ya daɗe yana kallon sama.

"To, duk cikinku ba mai hawa ya goge gilashin ne?"