Wuyan Kaza da Citta

Pei-shan ta saka karenta Mantou cikin kwandon da ke gaban babur, ta ja da gudu ko igiyar hular kwano ba ta ɗaura ba. Karen bai ɗaga kai ba. Tun asuba yake amai, na ƙarshen har da jini-jini, kuma shi da ba ya barin kwano sai ya lashe shi tas, yau ko ruwa ya ƙi.

Fitilar kan hanya ta tsayar da ita daidai bakin kasuwa, inda Kawu Tsai mai kaza ke sauke kaya. Ya leƙa kwandon, fuskarsa ta canja.

"Me ya same shi?"

"Ban sani ba, Kawu. Amai yake yi."

"To kada ki ce kayana ne fa. Shekara talatin ina yanka kaza a nan, ko kyanwa ba ta taɓa kai ƙarata ba."

Ita ba ta ce kayansa ne ba, amma zancen ya tsaya mata a rai. Bara ƙaiƙayi ya kama Mantou har gashin bayansa ya zube, aka rubuta masa abincin gwangwani mai tsadar da ta fi cefanensu ita da mahaifiyarta. Mai guga a shagon wanki ina za ta iya? Sai ta karanta a waya cewa ɗanyen nama na maganin abin. Wannan ya ce a sa hanta kaɗan, wancan ya ce hanta guba ce, wani ya ce ƙwai har da ɓawonsa. Ta ɗebi nan ta ɗebi can, ta sayi ɗan ma'auni. Idan kasuwa ta kusa tashi Kawu Tsai yakan tara mata wuyan kaza da ƙundu da hanta kusan a kyauta, ta auna, ta ƙulla a leda-leda ta jera a firij. Da rana tana wurin aiki, Mama ke ɗauko ƙulli ɗaya ta ba shi. Gashi ya dawo, har maƙwabta na tambayarta sirrin.

A ɗakin jira na asibitin dabbobi, wata mata mai ƙaramin kare cikin keken jarirai ta ji abin da Pei-shan ta gaya wa mai karɓar suna, ta ja kekenta gefe.

"Ɗanye? Ai ƙwayoyin cuta kike ɗura masa, ƙanwata."

"Ƙarya ne," in ji wani dattijo daga can kusurwa. "Nawa shekara goma sha biyu yana cin ɗanye, haƙorinsa ya fi nawa."

"To me ya kawo ka nan?"

Dattijon ya juya kai yana kallon bango. Pei-shan ta rasa na wa za ta kama. Abu ɗaya ke yi mata yawo a ka: son araha ne ya sa ta kashe karenta da hannunta.

Likita Hsieh ya ɗauki hoton cikin Mantou, ya nuna mata wasu fararen tsinkaye a jikin allo.

"Ƙashi ne ya tsaya masa. Dafaffe kike ba shi?"

"Ɗanye, Likita. Ban taɓa ɗora shi a wuta ba."

"Kowa haka yake cewa. Ni ɗanyen ma ba sonsa nake ba, amma wuyan kaza in ɗanye ne bai cika farfashewa haka ba. Dafaffe ke tsagewa kamar tsinken sakace. Sa hannu a nan, za mu sa shi barci mu zura bututu mu ciro. In ya huda hanji, wannan kuma wata maganar ce."

Ta sa hannu. Awa biyu ta yi a kan benci tana bin abin daki-daki. Ko a bola ya tsinta? Mantou ba ya fita sai da igiya. Ko Kawu Tsai ya haɗa mata da ragowar na miya? Ai da idonta take ganin jinin. Ko ita ce ta dafa ta manta? Har wannan sai da ta tambayi kanta, don kan nata ya riga ya kulle.

Wajen ƙarfe ɗaya likitan ya fito da ɗan faranti.

"Ya tsira, bai huda ba. Amma zo ki gaya mini, ɗanyen naman naki da wannan yake zuwa?"

A tsakiyar tsinkayen ƙashin akwai wani yanki rawaya, siriri, an yanka shi a karkace. Citta ce. Mutum ɗaya Pei-shan ta sani mai irin wannan yankan.

A garin su Pei-shan, duk tsohuwar da ka tambaya za ta ce maka abin da ya fito daga firij sanyi yake sa wa ciki, maganinsa kuwa wuta da citta. Mama ko kankana ba ta bari a sha da safe. Wai a ce shekara guda tana miƙa wa Mantou nama mai ƙanƙara ba ta ce uffan ba, kuma Pei-shan ba ta taɓa yin mamaki ba! Haushi ya turnuƙe ta, na Mama da na kanta.

Ta fito za ta kira Mama a waya ke nan sai ga tsohuwar a bakin ƙofa, ta hau mota biyu da ciwon gwiwarta, rungume da kular abinci.

"Yana da rai?"

"Yana da rai, Mama."

Tsohuwar ta zube a kan benci tana share ido da bayan hannu.

"Na kawo masa mai ɗumi. Bari in gaya miki gaskiya, tun shigowar sanyi nake ɗan tafasa masa. Ban faɗa ba don na ga yadda kike wahala da awon nan, kada ki ce na raina aikinki. Ashe duk da haka sanyin ya riga ya shige shi. Da tun farko na fara."

Pei-shan ta shirya gaya mata dahuwarta ce ta tsage ƙashin, sai ta sake auna maganar. In ta faɗa, tsohuwar nan ba za ta yafe wa kanta ba. In ta yi shiru, gobe da rana tukunya za ta sake hawa wuta.

"Mama, likita ya ce daga yau ke za ki riƙa dafa masa. Na bar ɗanyen."

"Ai na sani," in ji Mama, har da ɗan murmushi.

"Sai dai ya ce ban da ƙashi. Ko guda."

"Ban da ƙashi?"

Pei-shan ta kau da kai. Mama ta daɗe tana kallonta, sannan ta sauke ido kan kular da ke cinyarta. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta buɗe murfin, ta tsoma yatsu cikin romon mai tururi, ta fara tsamo wuyan kazar ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a kan murfin.