Yarinyar da Ta Daina Shan Ruwa

Sista ta tura gorar ruwan zuwa ɗaya gefen tebur. Yarinyar ta sa yatsu biyu ta maido mata da ita a hankali.

"Na ƙoshi," in ji ta.

Leɓenta kuwa ya tsage har ya fara jini a tsakiya. Shekara talatin da biyu Sista ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, ba a nuna mata jikin da ruwa ya ƙare masa. Rana ta take, fankar ɗakin karatun tana juyi ne kawai don kada a ce ba ta aiki, amma ko ɗigon gumi babu a goshin yarinyar.

Makarantar ce ta ɓullo da tsarin a farkon zango: a nemo manya da suka ajiye aiki, a ba kowa yaro ɗaya cikin waɗanda 'yan ajinsu ke takura wa, su zauna awa guda duk ranar Laraba. An yi musu bita ta kwana biyu, an ba su takardar da za su riƙa cikewa. Sista ta samu Auta, 'yar aji biyar, ɗiyar wani direban motar haya da matarsa mai ɗinki. Laraba biyar ta wuce, abin da ta samu daga bakinta bai wuce "lafiya lau" da "ba komai" ba. Sista kuwa mace ce mai faɗa, a asibiti ƙananan likitoci ma kauce mata hanya suke yi, amma ga 'yar shekara goma sha ɗaya ta koya mata zaman shiru.

Auta ta miƙe za ta ɗauko littafi, sai ta dafe kwiɓi ta koma ta zauna.

"Ke, yaushe rabonki da ruwa?"

"Tun jiya da magariba."

"Azumi kike yi?"

Ta girgiza kai. Ta dubi ƙofa, ta dubi taga, sannan ta sunkuyo.

"Sista, in na faɗa miki, ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba. Ko Mama."

Sista ta yi alkawari. Ta yi shi ne da sauri, irin yadda take ce wa yaro allurar ba zafi.

Maganar ta fito guntu-guntu. Monitar ajinsu ce da ƙawayenta uku. Duk lokacin da Auta ta shiga banɗaki sai su danne ƙofar daga waje, su watso mata ruwan bokiti ta sama, sannan su riga ta zuwa aji su ce ta yi fitsari a wando. Sun raɗa mata suna, har yaran aji uku sun iya. Sai ta yi dabara: in ba ta sha ruwa ba, ba za ta ji fitsari ba, in ba ta ji ba, ba abin da zai kai ta can. Wata uku ke nan.

"Kuma yana aiki, Sista," in ji ta, har da ɗan murmushi. "Sau biyu kawai suka kama ni a wannan watan."

Wannan murmushin ya fi komai ƙona wa Sista rai.

* * *

Kwana ta yi tana juya abin. Ta san ƙarshen irin wannan ciwon kwiɓi, ta sha ganin ƙodar da ta lalace a jikin yara. In ta riƙe alkawari, yarinya na iya ƙarewa a gadon asibiti. In ta karya, ta rasa kalmar gaskiya ɗaya tilo da Auta ta taɓa ba wani babba. Da safe ta yanke cewa za ta karya shi kaɗan, yadda ba zai yi ƙara ba.

Hedimasta mutum ne mai fara'a, mai son kalmar sulhu kamar shi ya ƙirƙiro ta. Ta je ofishinsa ta ba shi labarin Auta, ya saurare ta yana gyaɗa kai yana duba wayarsa.

"Abu ɗaya nake roƙo, ranka ya daɗe," in ji Sista. "A sa malama mace ta riƙa tsayawa kusa da banɗakin 'yan mata lokacin hutun tara. Shi ke nan. Kada a kira sunan kowa, kada a ce wani ya faɗi wani abu."

"Haba Sista, ai mu ne aikin," ya ce, yana dafa ƙirji. "Ki je ki kwanta ki yi barcinki."

Ta kuwa yi barcin, abin da har yau take jin haushin kanta a kai.

* * *

Ranar Laraba kujerar Auta ba kowa. Sista ta jira rabin awa, sai ga mai sharar makarantar ta shigo da tsintsiya, ta tsaya tana kallonta.

"Au, ba ki ji ba? Ai ranar Litinin aka yi ta a filin taron safe."

Hedimasta ya fito da Auta da 'yan matan huɗu gaban makaranta duka. Ya riƙe lasifika ya ba da labarin tiryan-tiryan, da bokitin, da ƙofar, da rashin shan ruwan, har sunan da suka raɗa mata sai da ya faɗa don ya nuna muninsa. Ya ce su ba ta haƙuri, suka ba ta. Ya ce su rungumi juna, suka rungumi juna. Ya sa aka kawo kofin ruwa ya ce ta sha a gaban kowa, a tafa mata.

"Yara ɗari shida, Sista. Tafi suke yi suna dariya. Kafin a tashi, jakarta an cika ta da ruwa, littattafan duk sun jiƙe. Tun ranar ban ƙara ganinta ba."

Sista ta shiga ofis ba sallama. Hedimasta ya tare ta da murna, ya ce an warware matsalar, har ya rubuta a rahoto. Ta buɗe baki za ta yi irin faɗan da aka san ta da shi, sai ta tuna wa ya kawo masa labarin. Ta juya ta fita.

* * *

Gidan ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu. Keken ɗinki na bakin ƙofa inda haske yake, ƙyallaye sun cika ƙasa. Baban Auta ya dawo cin abinci, makullin mota na hannunsa, bai ko zauna ba.

"Mun kai ta asibiti, sun ce ciwon mafitsara ne, tana shan magani," ya ce. "Mun gode da kika gano. Amma makaranta kam ta gama. Jiya na ce ta sa kaya in kai ta da kaina, sai ta shige ƙarƙashin gado. Ni ba zan ja 'yata a ƙasa ba."

"A canza mata wata mana. Ni zan nemo, zan raka ta."

"Na faɗa mata. Ta ce ko'ina akwai banɗaki."

Maman Auta ba ta ɗago ba. "Ni da na haife ta ba ta gaya mini ba, Sista. Ke ta zaɓa."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, shi ya sa ya shiga sosai. Maman ta kira Auta. Yarinyar ta fito daga ɗaki, ta durƙusa daga nesa ta gaida Sista cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ya zo wurin iyaye.

"Auta, na yi miki laifi. Tsoro na ji kada ciwon ya yi miki illa, shi ya sa. Ki yafe mini."

"Ba komai, Sista."

"In dawo wani satin mu yi hira a nan gida?"

Auta ta dubi mamanta. "Mama, in je in ƙarasa wankin?"

Ta tashi ta shige. Baban ya kaɗa makullinsa ya fita. Sista ta zauna a kan benci, an bar ta ita da kunyarta, ta rasa ta inda za ta fara sallama.

Sai a lokacin ta lura da abin da ke kan cinyar matar. Rigar makaranta ce, tana rage mata tsawo.

"'Yar maƙwabciyarmu ce za ta shiga can zango mai zuwa," in ji maman. "Ƙarama ce, sai na rage. Rigar da sauranta, bai kamata ta lalace a akwati ba."

Ta juya wuyan rigar, inda ta taɓa ɗinka sunan 'yarta da jan zare. Ta ɗauki reza ta fara tsinke shi, harafi bayan harafi, tana hure zaren yana faɗuwa cikin ƙyallayen da ke ƙasa.